Butocin Gahawa na Jan Yumɓun Böttger: Tambayoyi da Amsoshi

A manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka akwai wasu 'yan butoci masu launin hanta, waɗanda aka yi a yankin Sakson na ƙasar Jamus daga shekarar 1710 zuwa 'yan shekarun da suka biyo baya. Wanda bai sani ba zai rantse da dutse aka sassaƙa su, alhali yumɓu ne. Ga tambayoyin da masu sha'awar tsofaffin kayan tangaran suka fi yi a kansu.

Wane irin yumɓu ne wannan, kuma me ya raba shi da na tukwanen da aka saba gani?

Bambancin yana wajen wuta da kuma irin ƙasar da za ta iya jure ta. Tukunya ko randa da ake toyawa a fili da kara da itace ba ta cika samun zafin da ya wuce digiri 900 ba. A wannan zafi ƙwayoyin ƙasar suna kama juna, amma akwai ƙananan ƙofofi tsakaninsu, shi ya sa randa take tsatsafo ta sanyaya ruwa. Abin da Jamusawa ke kira Steinzeug kuwa ana kai shi wajen digiri 1,200 ko sama da haka a rufaffen tanderu. A nan wani sashe na ƙasar yake narkewa ya cike ƙofofin, in ya huce jikin ya zama gam, ba ya shan ruwa ko da ba a shafa masa ruwan gilashi ba. In aka ƙwanƙwasa shi da farce yana amo mai tsawo, ba irin "kaf" ɗin kasko ba.

Ba baƙon abu ba ne a Najeriya. Cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, irin wannan gashi ta riƙa yi. Da Ladi Kwali ta shiga cibiyar a 1954, tulunanta da aka gasa da babbar wuta sun yi nauyi, sun daina tsatsafo, sai suka tashi daga kayan ɗebo ruwa suka koma kayan ado.

Na Böttger, mutumin da ake kiran waɗannan butoci da sunansa, ya fita daban ne saboda laushin ƙasarsa. An tace ta har babu tsakuwa ko yashi mai kauri a ciki, ga ta da sinadarin ƙarfe mai yawa wanda ke ba ta ja.

Wane ne Böttger?

An haifi Johann Friedrich Böttger a garin Schleiz a 1682. Yana yaron mai haɗa magunguna a Berlin labari ya bazu cewa ya iya mayar da ƙarfe zinariya. Sarkin Prusiya ya nemi a kamo shi, sai ya tsere zuwa Wittenberg a 1701, ya faɗa hannun Augustus Mai Ƙarfi, mai mulkin Sakson kuma sarkin Folan. Shi ma zinariyar yake so, don haka ya tsare shi shekara da shekaru.

Zinariya ba ta samu ba. Abin da ya cece shi shi ne haɗa shi aiki da masani Ehrenfried Walther von Tschirnhaus, wanda ya daɗe yana narka ƙasa da duwatsu da manyan madubai masu tara zafin rana, tare da ƙwararrun masu narkar da ma'adinai daga Freiberg. Wajen 1707 suka dace da jan yumɓun. Tschirnhaus ya rasu a watan Oktoba na 1708, a watan Maris na 1709 kuma Böttger ya sanar da sarki cewa ya gano yadda ake farin tangaran irin na Sin. Ran 23 ga Janairu 1710 aka yi shelar kafa masana'anta, a watan Yuni aka ba ta mazauni a fadar Albrechtsburg da ke garin Meissen.

Sunan Böttger ne ya bi kayan, amma adalci shi ne a ce aikin gayya ne.

In farin tangaran ake nema, me ya sa ja ya riga shi fita kasuwa?

Domin jan ya fi sauƙin sarrafawa. Farin yana bukatar zafi mafi tsanani da ruwan gilashin da zai dace da jikinsa, kuma tanderun lokacin suna ɓata kaya da yawa. Saboda haka a kasuwar bajekoli ta Leipzig ta 1710 jan ne aka baje don sayarwa. Fari bai shiga kasuwa sosai ba sai 1713.

Akwai kuma masu saye a shirye. Jiragen kamfanin Holan sun riga sun saba wa Turawa da jajayen butocin shayi na Yixing daga lardin Jiangsu na Sin, masu kuɗi na rububinsu. Augustus kansa son tangaran ya kai shi inda a 1717 ya ba sarkin Prusiya sojan doki 600, ya karɓi kayan tangaran na Sin guda 151.

Me ya sa butar gahawa doguwa ce, ta shayi kuma gajera?

Yadda ake dafa abin ne ya tsara surar butar. Gidan shan gahawa na farko a Jamus an buɗe shi a Bremen a 1673, Hamburg ta bi a 1677. A wancan zamani babu matacin takarda. Sai a 1908 wata matar Dresden, babban birnin Sakson, mai suna Melitta Bentz, ta ƙirƙiro shi. Ana soya 'ya'yan gahawa, a daka, a tafasa garin a tukunyar ƙarfe, sannan a juye a butar da za a kai gaban baƙi. Tsawon buta yana ba garin wurin kwanciya a ƙasa, ƙuntataccen wuya kuma yana riƙe zafi. Ganyen shayi fili yake so ya buɗe, shi ya sa butarsa mai tumbi ce. Butar cakulan kuma ana gane ta da rami a murfi, inda ake zura maburgi.

Ba a ɗora waɗannan butoci a wuta. Na zubawa ne kawai, kuma ƙanana ne, yawancinsu santimita 15 zuwa 20 da 'yan kai. Gahawa tana da tsada, kofunan ma 'yan mitsi-mitsi ne marasa mariƙi irin na Turkawa.

Waɗanne surori aka fi sani?

Wadda ta fi shahara ita ce mai kusurwa huɗu. Cikinta ya buɗe daga ƙasa ya tsuke zuwa wuya, hancinta yana fitowa daga bakin wata dabbar ruwa mai kama da kifi, da ɗan sanda da ya haɗa hancin da wuya. Mariƙin a lanƙwashe yake, ya naɗe a sama da ƙasa, murfin kuma mai tudu ne da ɗan toho a ka. Ɓangarorinta huɗu shimfiɗaɗɗu ne, sai suka zama allon da mai ado zai yi aiki a kai: wasu an manna musu reshen fure irin na Sin, wasu an goge, wasu an yi musu zane da zinariya.

Akwai wadda ake kira butar Turkawa, wadda ta ɗauko surar ibriƙ, butar ƙarfe mai dogon wuya da siririn hanci ta ƙasashen Daular Usmaniyya. Sai kuma mai zagayayyen ciki da ya tsuke a sama, wadda daga baya ta zama surar butar gahawa a duk faɗin Jamus.

Mutumin da ya fi tasiri a kan surorin shi ne Johann Jakob Irminger, maƙerin zinariya na fadar Dresden, wanda aka ɗora wa tsara kayan masana'antar. In aka lura da kyau hannun maƙeri a bayyane yake: kaifafan gefuna, ƙafa mai hawa-hawa, ganyen ado da aka jera a gindi, fuskokin mutane a ƙarƙashin hanci ko mariƙi. Duk salon kayan azurfa ne aka mayar yumɓu. Ƙasa mai yashi ba za ta riƙe irin wannan kaifi ba, wannan kuwa ta riƙe.

Yaya ake gina buta guda?

Da farko wankin ƙasa. Ana jiƙa ta, a dama da ruwa mai yawa, a bar tsakuwa da yashi su nutse, a tsiyaye ruwan da ke ɗauke da lallausar ƙasa zuwa wani kwarami, a maimaita har sai ta yi sumul. Ana haɗa iri biyu: jar ƙasa mai jure wuta, wadda da farko daga Nuremberg ake kawo ta, da wata laka mai saurin narkewa daga kusa da Dresden. Ta farkon ita ke riƙe tsayuwar buta, ta biyun ita ke cike ƙofofi. In mai narkewar ta yi yawa buta ta zauna a wuta, in ta yi kaɗan jiki ba zai yi taurin da za a goge shi ba.

Bayan an cuɗa an fitar da iska, masu zagayayyen jiki ana ɗaga su a kan faifai mai juyawa, in sun sha iska a kankare su su yi siriri. Masu kusurwa kuma ana murza ƙasar ta yi fale-fale, a danna ta da yatsa cikin mazubin filasta mai ɓari biyu ko fiye, a haɗa ɓarin. Hanci da mariƙi da murfi kowanne da nasa mazubin. Ana haɗa su da jiki lokacin da ƙasar ta daskare amma ba ta bushe ba: a karce wuraren haɗin, a shafa kunun yumɓu, a danna, a share bakin. Ganye da furanni ma haka ake manna su.

Sai bushewa a hankali a inuwa. Daga nan a sa kowace buta cikin akwatin yumɓu mai jure wuta don kada toka da harshen wuta su taɓa ta, a jera a tanderu, a hura da itace.

Tsakanin ɗanye da gasasshe buta tana raguwa da fiye da kashi goma cikin ɗari. Wannan yana da amfani ga mai bincike, domin duk abin da aka kwafa ta hanyar ɗaukar mazubi daga jikin wani gasasshen abu zai fito ƙarami, adonsa kuma ya ɗan dushe. Haka kwafin da Meissen ta yi na kayan Sin suka fi na asalin ƙanƙanta.

Me ke lalacewa a cikin wuta, kuma me ya sa?

Tsaga a mahaɗar mariƙi ita ce ta fi yawa. Mariƙi ya fi bangon buta kauri, ba sa bushewa tare, ba sa raguwa tare, sai mahaɗar ta buɗe. Ana gane tsagar wuta da cewa bakinta a buɗe yake, gefenta ba kaifi, launin cikinta ɗaya da na waje. Tsagar da ta zo daga faɗuwa siririya ce mai kaifi.

Hanci yakan sunkuya in ƙasar ta yi laushi a tsakiyar zafi, wannan ne amfanin ɗan sandan da ke tallafe shi. Shimfiɗaɗɗen bango yakan lotsa ciki, murfi ya ƙi zama daidai. In wuta ta zarce, iskar da ke cikin ƙasa mai ƙarfe takan kumbura ta tayar da ƙuraje a jiki.

Sai launi. Inda iska ke shiga sosai ƙarfen da ke cikin ƙasar yana ba da ja. Inda hayaƙi ya yi yawa iska ta yi ƙaranci, sai fatar butar ta koma toka-toka ko baƙi-baƙi. A tanderu ɗaya ana iya fitar da ja mai haske da ruwan ƙasa da mai duhu. Masu duhun nan ba a zubar da su ba, an sayar da su da sunan Eisenporzellan, tangaran mai kamar ƙarfe, kuma yau ana nemansu.

Sheƙin da ke jikinsu ruwan gilashi ne?

A'a, kuma a nan ne darajar kayan take. Jikin da kansa aka goge, yadda ake goge dutse mai daraja. Böttger ya kira kayan nasa Jaspisporzellan saboda kamarsu da jan dutsen ado. Tangaran na Yixing ba a saba yi masa haka a Turai ba, jan tangaran da ake yi a Holan kuma bai kai taurin da zai ɗauka ba.

An ɗauko masu yankan gilashi, da yawansu daga Bohemiya, an kuma kafa injin gugar da ruwan kogin Weisseritz ke juyawa a Dresden. Aikin hawa-hawa ne. Ana fara cin fatar butar a kan faifan ƙarfe ko na dutse da jiƙaƙƙen yashi, a koma garin dutse mai laushi, a ƙare da faifan katako da gari mai laushin gaske har fuska ta fito a jiki. Kowane mataki yana share karcen wanda ya gabace shi. In aka yi gaggawar tsallake ɗaya, karcen zai fito ƙarara bayan an gama. In aka danna da ƙarfi a kusurwa, bango ya huje ko gefe ya ɓantare, aikin makonni ya tafi. Wannan ya sa gogaggiyar buta ta ninka wadda ba a goge ba tsada.

Masu yankan suna da salo uku. Akwai guga gaba ɗaya. Akwai yankan fuska-fuska, inda ake cin jiki a yi ƙananan kwarmi masu jere da juna, kowanne yana kama haske ta nasa ɓangaren. Akwai kuma zane da ƙaramin faifan jan ƙarfe da mai da garin dutse, wanda ake fitar da tambarin gidan sarauta ko haruffan sunan mai kaya da shi.

A ganinmu mafi kyawunsu su ne waɗanda aka goge rabi aka bar rabi. A kan butar mai kusurwa huɗu za a ga bangon yana ɗaukar ido, reshen furen da ke kansa kuma a dushe, da ɗan siririn layi a kewayen kowane ganye inda faifan bai iya shiga ba. Wannan layi shaidar aikin hannu ce. A kan masu baƙar fata kuma, yankan yana ratsa baƙin ya tono jan da ke ƙasa, zane ya fito da launi biyu ba tare da an sa fenti ba.

To baƙaƙen nan masu zanen zinariya fa?

Waɗannan su ne aka shafa wa baƙin ruwan gilashi don su yi kama da kayan katako masu baƙin sheƙi na Japan da Sin, waɗanda fadojin Turai ke ji da su. A kan baƙin ake zana tsuntsaye da duwatsu da rumfuna da mutanen Sin, da zinariya da ja da wasu launuka. Sunan da ake dangantawa da mafi kyawun wannan aiki shi ne Martin Schnell, mai fentin fadar Dresden.

Abin lura shi ne ba a gasa zanen ba. Yana zaune ne a kan gilashin, abin da ke riƙe da shi ɗan danƙo ne kawai. Shi ya sa da wuya a sami wadda zanenta bai goge ba a mariƙi da murfi, inda hannu ke yawan taɓawa. In aka ga wadda zinariyarta ta cika ko'ina tana walƙiya, a bincika ko an sake bi ta kai.

Azurfar da ke jikin wasu, ado ce ko gyara?

Tana iya zama kowanne. Tun asali akan sa mahaɗin azurfa tsakanin murfi da mariƙi, ko 'yar sarƙa, don kada murfi ya faɗi lokacin zubawa. Amma azurfa a kan hanci sau da yawa tana rufe wurin da ya karye ne. A nemi hatimin maƙeri: na birnin Augsburg, inda aka yi irin wannan aiki da yawa, hoton ɗan itacen fir ne mai ɓawo-ɓawo. Hatimi yana faɗin shekarun azurfar, ba lalle ya faɗi na butar ba.

Duk tsohuwar jar buta ta Böttger ce?

Ko kusa. A 1713 wani ministan Prusiya, Friedrich von Görne, ya buɗe masana'anta a Plaue da ke bakin kogin Havel, da taimakon Samuel Kempe wanda ya taɓa aiki tare da Böttger. Kayan Plaue ja ne, masu tauri, ana goge su, har surorin Meissen suke kwafa. Sukan fi nauyi da kauri, amma raba su da ido kaɗai yana ba ƙwararru ma wuya, shi ya sa ake auna sinadaran ƙasar da na'urar da ba ta taɓa lafiyar kaya.

Na Bayreuth sun fi sauƙin ganewa. Jar ƙasa ce mai taushi da aka rufe da ruwan gilashi mai launin ƙasa, aka yi mata zane da zinariya ko azurfa, azurfar kuma takan yi baƙi da tsufa. In aka duba ƙarƙashin gindi za a ga jikin bai yi gam ba.

Na Ary de Milde na Delft a Holan butocin shayi ne, da hatimin dila a guje da sunansa a kewaye. Na Yixing da hannu ake gina su daga fale-falen ƙasa ana bugawa da 'yar muciya, kuma ana ganin sawun haɗi a ciki. A Ingila, 'yan'uwan Elers sun yi jan kaya a Staffordshire tun shekarun 1690, kuma wajen 1760 maginan yankin sun yi jajayen butocin gahawa masu ado na layuka masu lanƙwasa da injin juyi ya yanka, wasu da hatimin bogi mai kama da rubutun Sin. 

Babu tambarin da zai raba gardama?

Yawancin na farkon ba su da tambari ko kaɗan. Takubba biyu a gicciye, tambarin Meissen da kowa ya sani, ba a fara amfani da shi ba sai farkon shekarun 1720, lokacin da jan kaya ya riga ya ja baya. Kaɗan ne ke da takubban a danne cikin ƙasa, wasu kuma da hatimi mai kwaikwayon na Sin.

Abin da ya fi tambari ƙarfi shi ne lambar taskar sarki. Kayan da Augustus ya tara a Fadar Japan da ke Dresden an fara rubuta su a kundi a 1721, kowanne da lamba a gindi da alamar rukuninsa. Harafin R na jan kayan Sakson ne. An yi gwanjon wasu daga cikinsu a 1919 da 1920, don haka akwai na gaske a hannun mutane. Amma 'yan jabu ma sun iya yanka lamba. Lamba ba ta da amfani sai bayanin da ke kundin ya dace da abin da ke hannu: iri, da girma, da ado.

Butocin Westerwald da na Bunzlau ma a wannan rukuni suke?

Dangi ne ta wajen gashi, amma gidansu daban. Jamusawa sun yi ƙarnoni suna gasa yumɓu ya zama dutse kafin a haifi Böttger, a Siegburg da Frechen da Westerwald. Na Westerwald toka-toka ne da zanen shuɗi. Ana watsa gishiri a tanderu lokacin da wuta ta kai ƙarshe, tururinsa ya haɗu da fatar tukunya ya zama siririn gilashi mai ɗan gurje-gurje. Na Bunzlau, garin da yau yake Folan da sunan Bolesławiec, ana tsoma su a ruwan laka mai narkewa ya ba su launin ƙasa mai sheƙi, a manna farin ado a kai. Butocin gahawarsu sun yaɗu a ƙarni na 18, na gidajen talakawa da matsakaita ne. Suna da kyansu, kuma su ne mai ƙaramin ƙarfi zai iya fara tarawa da su.

Me za a duba kafin a saya?

A fara da tsinin hanci da tohon murfi da kusurwoyi. Tunda jikin yana goguwa, mai gyara yana iya cinye wurin da ya ɓantare ya goge shi ya yi sumul, ba tare da ya cika komai ba. Alamar ita ce hanci ya gajarta, ko kusurwa ɗaya ta fi sauran kwanciya. A gwada da hoton irinta da ke gidan tarihi.

Sai murfi. Ya zama launinsa da irin gugarsa da adonsa sun dace da jiki, domin murfin aro ya yi yawa. A haska fitilar ultrabayolet a ɗaki mai duhu: tsohon danƙon shelak yana ba da ruwan lemo, tsohon gam mai ƙarfi yana yin fari-fari ko rawaya, sabon fenti kuma yakan fito dabbare-dabbare. Ciko ya fi yumɓun ɗumi a taɓi, kuma ba shi da nauyinsa. A leƙa ciki da 'yar tocila a ga sawun yatsa da layin mazubi. Kada a gwada tauri da wuƙa ko allura a jikin kayan wani. A ƙarshe a nemi tarihin hannayen da butar ta bi, a rubuce.

Za a iya zuba gahawa a ciki? Yaya ake tsabtace ta?

Kada a zuba. Ruwan zafi yana buɗe tsagar da ido bai gani ba, yana kuma sassauta tsohon gam.

Wajen ɗauka a fara cire murfi a ajiye gefe, in ba a haɗe yake ba, sannan a tallabi ciki da hannu biyu. Ba a ɗaga ta da mariƙi ko hanci. A shimfiɗa abu mai taushi a teburi tukuna. Safar hannu ta roba mai kama fata ta fi ta auduga, domin auduga tana santsi a gogaggen jiki kuma zarenta yana kama fentin da ya ɗago.

Ƙura da burushi mai laushi ake kaɗe ta. Wadda ba ta da fenti ko zinariya ko gyara, ana iya share ta da auduga mai ɗan danshin tataccen ruwa, a bushe nan take. Mai zanen da ba a gasa ba kuwa ruwa ba ya taɓa ta sam, balle sabulu ko bilic. Man goge azurfa yana cin zinariya kuma yana maƙalewa fari a cikin zane, don haka ƙyalle busasshe ya isa. Ba a manna salatif ko takardar farashi a kan ado. A ajiye ta a kabad mai gilashi nesa da rana, inda danshin iska ke tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari ba ya hawa da sauka.

In ta fashe fa?

A tattara kowane ɓaraguzi har da mitsitsin, a naɗe kowanne daban a takarda mai laushi. Kada a riƙa gwada haɗa bakunan, domin kowane gogayya yana cinye kaifin da zai sa haɗin ya ɓace. Kada a sa gam mai kamawa nan take: yana kamawa kafin a daidaita, kuma cire shi wahala ne. Masu gyaran gidajen tarihi sukan yi amfani da wani gam mai suna Paraloid B-72 da aka narka a sinadarin asiton, saboda ana iya warware shi daga baya, ko wani gam mai haske da ba ya rawaya in wurin yana ɗaukar nauyi. In an tarar da tsohon gyara na ƙusoshin ƙarfe da aka ɗinke tsaga da su, a bar su in ba tsatsa suke yi ba.

Me ya sa aka daina yin su, kuma a ina za a gan su?

Farin tangaran ne ya ture su. Böttger ya rasu a 1719 yana da shekara 37. A 1720 Johann Gregorius Höroldt ya zo daga Vienna da fasahar launukan da ake gasawa su kama jiki, masu saye suka koma wajen fari mai zane, wanda ba ya bukatar makonnin guga. Zuwa wajen 1730 jan kayan ya ƙare, har aka manta haɗin ƙasarsa. Sai a 1919 masana'antar Meissen ta sake haɗa shi ta yi masa rajista da sunan Böttgersteinzeug, aka yi gumaka da lambobin yabo da shi, har da kuɗin wucin gadi a 1920 da 1921. Na wannan zamani suna ɗauke da takubba a danne, sau da yawa da sunan a rubuce, launinsu kuma bai ɗaya ne saboda tanderun yanzu ba ya sauya hali.

Na asalin suna taskar tangaran ta fadar Zwinger a Dresden, da taskar fadar Friedenstein a Gotha, da fadar Favorite kusa da Rastatt inda ake da baƙaƙen masu zane. A wajen Jamus akwai su a gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan, da Rijksmuseum a Amsterdam, da Metropolitan a New York. Ukun nan na ƙarshe sun sa hotunan kayansu da awonsu a intanet, ana iya buɗewa a faɗaɗa hoto a ga sawun faifan guga a kewayen ganye.